Inda Hujja Ke Yoyo: Daga Arisɗo da Almagili Zuwa Jarrabawar Lauyoyi

Ɗalibin da ke neman gurbi a makarantar koyon aikin lauya a Amurka ko Kanada, galibi sai ya bi ta wata jarrabawa da ake kira LSAT. Ba a tambayarsa doka ko guda ɗaya a cikinta. Abin da ake yi, a ajiye masa ɗan gajeren zance inda wani ya kawo dalilai ya yanke hukunci, sannan a tambaye shi: ina aibin wannan tunani yake? A ƙasa akwai amsoshi biyar, ɗaya ce daidai. Sashe guda yana ɗauke da tambayoyi wajen 25, lokacinsa minti 35, wato kowace tambaya ba ta samun cikakken minti ɗaya da rabi.

Ga misalin da na ƙirƙira da irin zubinsu. Wani jami'i ya ce: «An lura cewa unguwannin da aka fi sayen gidan sauro su ne aka fi kai yara asibiti da zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka gidan sauro ba ya hana komai, ƙila ma shi ke ƙara cutar.» Mai karatu zai ji a jikinsa cewa zancen ya karkace. Aikin shi ne ya nuna daidai inda ya karkace: jami'in ya ga abu biyu suna tafe tare, ya ɗauka na farko ne ya haifi na biyu, bai tsaya ya duba ko yawan sauron ne ya kori mutane zuwa kasuwa neman gidan sauro ba.

Akwai masu ɗaukar irin wannan horo a matsayin sabon abu da boko ya zo da shi, akwai kuma masu ganinsa wasan ƙwaƙwalwa ne na ƴaƴan masu hali. Ni a ganina duka biyu ba su san asalinsa ba. Wannan tambaya ta haura shekara 2,300 a duniya, kuma ta kwana a Agadas da Kano tun kafin Turawa su kafa ko da ƙauye ɗaya a inda ake kira Amurka yau.

Mafarin abin a rubuce shi ne Aristotal, wanda Larabawa ke kira Arisɗo, da ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa. A Atina ta zamaninsa muhawara wasa ce mai ƙa'ida: ɗaya ya riƙe wata magana, ɗaya ya dinga jefa masa tambayoyin da amsarsu i ce ko a'a, har ya kai shi ga faɗin abin da ya saɓa wa maganarsa ta fari. Akwai kuma malamai masu karɓar kuɗi su koya wa samari yadda ake kayar da abokin muhawara ko da gaskiya na wajensa. Don a tona asirin dabarunsu Arisɗo ya rubuta wani ɗan littafi, ya lissafa hanyoyi 13 da hujja ke yin kama da ingantacciya alhali ruɓaɓɓiya ce. Shida daga harshe suke tasowa, bakwai daga wajen harshe.

Na harshen sun haɗa da kalma mai ma'ana biyu da jimlar da za a iya fahimta ta fuska biyu. Akwai ma wadda ta shafi karin sauti, wadda shi kansa ya ce ta fi aukuwa a rubutu fiye da a baki. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, tunda rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali: «kuka» na iya zama itace ko hawaye, «wuya» na iya zama gaɓar jiki ko wahala, «gari» na iya zama na zama ko na tuwo.

Bakwai ɗin da ba na harshe ba su ne suka fi tsawon rai. Ɗaya ita ce a cusa abin da ake son tabbatarwa a cikin dalilan da za su tabbatar da shi. Wata ita ce a haɗe tambaya biyu a nemi amsa ɗaya, kamar a ce wa mutum: ka daina satar awaki? Ko ya ce i ko ya ce a'a, ya amsa laifi. Wadda ta fi jan hankalina ita ce juya sharaɗi. In an yi ruwan sama ƙasa takan jiƙe, sai mutum ya ga ƙasa a jiƙe ya ce lalle an yi ruwa. Arisɗo ya kawo misalin wanda ya ga ruwan matsarmama ya zaci zuma ce don launinsu ɗaya. Hausawa sun taƙaita wannan babi duka da cewa kama da wane ba ta wane. A wani littafinsa kan fasahar jawabi ya ƙara da labarin ɗan siyasa Demades, wanda ya ɗora alhakin duk masifar Atina a kan manufofin Demostenes, don kawai yaƙi ya biyo bayansu.

Littafin ya isa Bagadaza, aka fassara shi zuwa Larabci fiye da sau ɗaya. Cikin masu fassarar akwai Yahya bin Adi, wanda ya rasu a 974. Daga sunan waɗancan malaman Girka masu sayar da dabara Larabci ya samu kalmar safsaɗa. Farabi da Ibn Sina suka yi sharhi, fannin ya zauna da sunan manɗiƙi, babin kurakurai kuma ya zama mugalaɗa. Bai zauna lami lafiya ba. Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buɗe littafinsa na usulul fiƙhi, Almustasfa, da gabatarwa kan manɗiƙi, yana ganin ilimin wanda bai san wannan ma'auni ba abin a yi hattara da shi ne. Ibn Salah ya ba da fatawar haramta shi. Ibn Taimiyya ya rubuta littafi sukutum na raddi ga ma'abotansa. Wannan jayayya ce ta gangaro har ƙasarmu.

A ƙarshen ƙarni na 15 manyan malamai biyu suna da murya a ƙasashen Sudan ta tsakiya. Jalaluddin Suyuɗi yana zaune a Misira, amma wasiƙarsa ta nasiha ta iso ga sarakunan Agadas da Katsina. Muhammadu bin Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan, shi da ƙafarsa ya zo: ya ratsa Ayar da Takadda, ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, daga baya ya wuce Gawo wajen Askiya Muhammadu. Suyuɗi ya yi rubutu yana haramta shagala da manɗiƙi. Almagili kuwa malamin manɗiƙi ne, yana da waƙe a fannin mai suna Minahul Wahhab, wanda ya yi wa sharhi da kansa. Da labarin haramcin ya iske shi, sai ya aika wa Suyuɗi raddi cikin baitoci.

Abin da ya ƙunsa ya cancanci a tsaya a kansa. Babbar hujjar masu haramci ita ce fannin daga kafiran Girka ya fito. Almagili ya nuna cewa asalin magana daban, ingancinta daban. Ya nemi a nuna masa wurin da ƙa'idar ta yi kuskure, a bar zancen wanda ya fara faɗinta. Gaskiya ana karɓarta ko daga bakin wa ta fito, kuma da gaskiya ake gane mutane, ba a gane gaskiya da mutane. Wanda ya taɓa zama gaban tambayoyin LSAT zai gane wannan nan take, domin cikin amsoshin da ke yawan fitowa akwai mai cewa mai hujjar ya soki wanda ya kawo magana maimakon ya soki maganar. Suyuɗi ya mayar da martani shi ma a waƙe, bai janye ba, amma ya rufe da gaisuwa da yabon martabar abokin jayayyarsa. Na fi son wannan ƙarshen fiye da yawancin muhawarorin da nake gani a Facebook, inda kafin a kai sharhi na uku an shiga zagin iyaye.

Waƙen Almagili bai tsaya a hannunsa ba. Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya lissafa shi cikin littattafan da ya karanta a gaban malaminsa Muhammadu Bagayogo. Kuma shi Ahmad Baba ɗin ne ya adana mana wani labari mai nauyi. Almagili yana Gawo sai labari ya zo cewa an kashe ɗansa a Tuwat, inda tun farko ya jagoranci matsa wa Yahudawan wurin har aka rushe wurin ibadarsu. Cikin zafin rai ya nemi Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke Gawo, aka kuwa kama su. Malam Mahmudu bin Umar na Tambutu ya ƙi yarda, ya ce waɗannan mutane ba su aikata komai ba. Aka sake su. A ma'aunin manɗiƙi kuskuren a fili yake: wasu mutanen Tuwat sun yi kisa, waɗannan mutanen Tuwat ne, saboda haka a kama su. Ɗalibin da ya yi wata uku a fannin zai gano shi. Amma mutumin da ya rubuta littafin fannin, ranar da aka taɓa ɗansa, sai da wani ya tsaya a gabansa ya nuna masa. Ban kawo wannan don rage darajar Shehin ba. Abin da nake so a riƙe shi ne akwai wanda ya iya tsayawa ya ce a'a, kuma aka saurare shi.

Ba a jima ba wani saurayi ɗan shekara 21 a yankin Biskira ta Aljeriya ya tsara manɗiƙi cikin baitoci ɗari da arba'in da ƴan kai, a shekarar 941 ta Hijira, wajen 1534. Sunansa Abdurrahman Al'akhdari, littafin kuma Sullam. Shi ne dai mai Ahalari, ɗan littafin tsarki da salla da almajirai ke farawa da shi a zaure daga Damagaram har Kumasi. Mutane da yawa sun san shi ta fuskar alwala da ƙabli da ba'adi, ba su san ya rufe Sullam da babi kan yadda hujja ke ɓaci ba: ko dai a kayan da aka gina ta da su, ko a siffar ginin. Malaman usulu ma suna da nasu rabon a nan, don sun bambanta sharaɗi da sababi. Alwala sharaɗin salla ce: babu alwala babu salla, amma ganin mutum da alwala ba ya nuna ya yi salla. Rikita abin da ba makawa sai da shi da abin da shi kaɗai ya wadatar, yana cikin tarkunan da masu shirya LSAT suka fi so, ɗalibai a Amurka suna biyan daloli masu yawa a koya musu bambancin da yaron zaure ke ji a darasin tsarki.

Akwai wani reshe da na fi ganin darajarsa, wato adabul bahsi wal munazara, ladubban bincike da muhawara, wanda Shamsuddin Samarƙandi ya tsara a ƙarshen ƙarni na 13. A nan mutum biyu ne: mai kafa hujja da mai tambaya. Mai tambaya yana da ƙofa uku. Zai iya ƙin amincewa da ɗaya daga cikin dalilan ya ce a tabbatar masa da shi. Zai iya nuna cewa in aka bi wannan hujja a wani wuri za ta haifar da abin da kowa ya san ƙarya ne. Zai iya kuma kawo tasa hujjar da ke tabbatar da akasin hukuncin. Kowace ƙofa ya bi, mai hujja yana da haƙƙin amsawa. In ya amsa da abin da ya gamsar, mai tambaya kuma ya ci gaba da musu, malaman sun ba wannan hali suna: mukabara, wato taurin kai bayan gaskiya ta bayyana.

A Turai zan wuce da sauri. Littafin Arisɗo ya dawo hannun malamansu a ƙarni na 12, ya zama abincin jami'o'i. John Locke a 1690 ya sanya wa wasu nau'o'in hujja sunayen Latin da har yau ake yayi, ciki har da jingina da girman mai magana da kuma kafa hujja da rashin sanin abokin jayayya. Jeremy Bentham a 1824 ya tattara dabarun da ƴan majalisa ke kashe gyara da su. John Stuart Mill a 1843 ya mayar da hankali kan kuskuren lura da gaggawar yanke hukunci daga misalai kaɗan. Jerin ya yi ta tsawo, ana kwafe shi daga littafi zuwa littafi da tsofaffin misalai, har a 1970 wani masani ɗan Ostireliya, Charles Hamblin, ya fito ya ce abin ya zama gawa da ake ta yi wa ado. Maganin da ya ba da shi ne a mayar da kurakuran cikin mahallinsu na asali, wato zance tsakanin mutum biyu.

Ita kuwa jarrabawa mai zaɓin amsa, haihuwar Amurka ce a farkon ƙarni na 20. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an gwada ta a kan sojoji fiye da miliyan ɗaya da rabi. Carl Brigham, malami a jami'ar Princeton, ya ɗauki sakamakon ya wallafa littafi a 1923. Alƙaluman sun nuna cewa baƙin da suka daɗe a Amurka sun fi sababbin zuwa samun maki. Bayanin da ke kusa shi ne wanda ya daɗe ya fi jin Ingilishi, ya fi sanin al'adun da tambayoyin suka dogara a kansu. Brigham ya tsallake wannan, ya ce ai baƙin da ke zuwa daga baya, mutanen kudanci da gabashin Turai, su ne masu ƙarancin basira tun daga jini. A 1924 Amurka ta yi dokar da ta rage shigowar waɗannan mutane ƙwarai. Ba zan ce littafin ne ya haife ta ba, kada in faɗa ramin Demades. A 1926 Brigham ɗin ne ya jagoranci tsara jarrabawar shiga jami'a ta SAT, a 1930 kuma ya fito fili ya janye abin da ya rubuta. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, sai dai ya farka da kansa. Daga wannan gida na masu auna basira LSAT ta fito, aka fara yin ta a 1948 bisa buƙatar wasu makarantun lauya irin su Columbia da Harvard da Yale. Tun daga watan Agusta na 2024, da aka cire sashen wasannin jeranta abubuwa, biyu cikin sassa uku da ake ba wa maki na nazarin hujja ne.

Akwai abin da nake yaba wa wannan jarrabawa. Ba ta tambayar sunan kuskure. Wanda ya haddace sunayen Latin talatin ba su cece shi ba, domin amsoshin suna bayyana aibin ne da kalmomi na yau da kullum, kuma sau da yawa amsa huɗu na banza suna siffanta kurakurai na gaske waɗanda mai hujjar bai aikata ba. An kuma hana ɗalibi musanta dalilan: ko sun yi masa daɗi ko ba su yi ba, zai ɗauke su a matsayin gaskiya, ya nemi ɓarakar da ke tsakaninsu da hukuncin. Wannan horo ne mai wuya, tunda yawancinmu in hukunci ya dace da ra'ayinmu ba ma duba hanyar da aka bi aka kai gare shi.

Abin da ta rasa shi ne mutum na biyu. Mai hujjar da ke kan takarda ba ya amsawa. Ɗalibi ya nuna yoyon, ya ci makinsa, ya wuce tambaya ta gaba, har ya saba da jin cewa gano aibi shi ne ƙarshen magana. Masu shirya jarrabawar sun san da wannan haɗari, don cikin kurakuran da suke gwadawa akwai na wanda ya ga hujja ta yi rauni sai ya ce hukuncin ƙarya ne. Amma sanin haka a takarda bai kai zama gaban wanda zai dawo gobe da amsa ba.

Tarihin taba sigari ya nuna yadda abin ke zama in rai na ciki. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka wallafa binciken da suka yi a asibitocin Landan, wanda ya nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin shan taba da sankarar huhu. Ronald Fisher, ɗaya daga cikin manyan masana ƙididdiga na ƙarnin, ya tashi ya ce tafiya tare ba ta nuna sababi. Ƙila akwai wani abu na gado da ke sa mutum son taba, shi ne kuma ke jawo cutar. A ɗakin jarrabawa wannan amsa ce mai cikakken maki. Fisher yana shan lofe, kamfanonin taba kuma suna biyansa kuɗin shawara, amma a ƙa'idar Almagili wannan ba ya rushe maganarsa, dole a amsa ta. Aka kuwa amsa. Tun 1951 Doll da Hill suka fara bin diddigin likitocin Birtaniya kusan 40,000, suka ga wanda ya fi sha ya fi shiga haɗari, wanda ya daina kuma haɗarinsa na raguwa. A 1959 Jerome Cornfield da abokan aikinsa suka nuna da lissafi cewa in haɗarin mashaya ya ninka na sauran mutane sau tara, to wancan ɓoyayyen abu na gado sai ya fi yawa a cikin mashaya da aƙalla ninki tara kafin ya iya bayyana bambancin, kuma ba a samu wani abu mai kama da haka ba. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya tabbatar da sababin. Kamfanonin taba suka ci gaba da maimaita tambayar Fisher shekara da shekaru bayan an amsa ta, mutane na ta mutuwa. Samarƙandi da mukabara zai kira wannan, kuma babu gurbinta a cikin amsoshi biyar, don takarda ba ta da zagaye na biyu.

Shi Doll, da ya fara binciken, zarginsa ya fi karkata ga kwaltar da ake shimfiɗawa a tituna da hayaƙin motoci. Mashayin taba ne a lokacin. Da takardun marasa lafiya suka taru a gabansa ya ga inda suka nufa, bai jira an kammala aikin ba ya ajiye sigari.